Karatun Ƙashi

Ni ɗan mahauci ne daga Tudun Wada.
Tun ban kai tsawon teburin Baba ba
na san inda haƙarƙari ke lanƙwasa,
na san gaɓar da wuƙa ke shiga ba gardama.
Takarda ce ta gagare ni,
ita ban ga gaɓarta ba.

Shekara ashirin da uku, gemu ya fara tsiro,
aka sa sunana a ajin share fage.
Malama Rifkatu, 'yar Wusasa,
mai tabarau ɗaure da zare,
ta ajiye yatsa ƙarƙashin layi, ta ce, "Barau, karanta."
Na karanta kamar mai tsallaka Kubanni da damina,
ƙafa ɗaya na laluben dutse, ɗaya na rawa.
Na baya suka yi tarin da ba na mura ba.
Ko kai ba ta ɗaga ba.
"Sake. Kalma ba ta cizo.
Yanka ta gaɓa-gaɓa, yadda ake yi a gidanku."

Laraba ta Malam Haladu ce,
aji mai fanka ɗaya, ita ma sai ta ga dama.
Yana bayanin ranar tashi,
yadda ƙashin da ya rududduge zai nemo ɗan'uwansa,
ba wanda zai ɓata, ko na ɗan ƙaramin yatsa.
Na rubuta don jarrabawa.
Maki sha biyar ne, iyakar yadda na ɗauke shi ke nan.

Sai Shika.
Motar asuba daga Kwangila, mutum huɗu a kujerar uku.
Rigar dalma mai nauyin ɗan maraƙi.
Sunayen ƙashi ɗari biyu da shida
cikin harshen da masu shi suka daɗe a ƙasa,
na haddace su kamar bashin da ake bina.
Dakta Maiwada yakan ce:
haske ya yi kaɗan, hoto ya yi gum,
ya yi yawa, ka cuci bawan Allah.
"Ja numfashi. Riƙe. Saki."
Na faɗa wa kurtun soja, na faɗa wa mai sayar da rake,
na faɗa wa wani farfesa da ya ƙi cire agogo.
A farantin nan ba hula, ba yare,
fari ne kawai a kan baƙi.

Wata Alhamis, ana tsuga ruwa,
aka shigo da wata dattijuwa tana tallafe da hannu.
Santsi ne ya kwashe ta a bakin rijiya.
Tabarau ya sake, zaren bai sake ba.
Ina sanye da takunkumi, ba ta gane ni ba.
Na shimfiɗa hannun a hankali,
yatsan nan, shi dai,
wanda ya ja ni layi-layi har na ƙetare.

Hoto ya fito.
Ta ƙura masa ido, ta yi murmushin ciwo:
"Ɗana, wannan rubutu ban iya shi ba."
Doka ta ce likita ke faɗa, ba ni ba.
Na duba ƙofa.
Na ajiye yatsa ƙarƙashin layin,
siriri, a tsintsiyar hannu, kamar wasali.
"Nan ya tsage, Malama. Amma bai goce ba."
Ta yi shiru. Ta karkato kunne.
"Barau?
Sake."

Da magariba, a masallacin bayan asibiti,
na manta carbina a aljihun farar riga,
sai na ƙirga da yatsu, gaɓa-gaɓa.
Na kai ɗan ƙaramin, na tsaya.
Ladan ya kashe fitila ɗaya, ina nan zaune.

A gida Baba ya ajiye mini ƙashi mai ɓargo.
"Yau me aka koya muku?"
Na juya shi a hannu, na juya,
har romo ya huce.