Ɗari Huɗu da Sha Biyu

Ƙarfe biyun dare a Radovljica,
dusar ƙanƙara ta rufe bakin gari.
Tjaša kaɗai ce ido biyu,
ita da kwamfuta da shayin da ya huce tun ɗazu.

Ƙungiyar masu kiwon zuma ce ta ɗora mata:
saƙo ɗaya, mutum ɗari huɗu da sha biyu,
taron shekara ranar Asabar, a zo da kuɗin rajista.
Bara sakatare da hannu ya tura,
ya baza adireshin kowa a fili kamar shanya,
har masu bin Bojan bashi suka san inda yake.
Wata uku ba a ga maciji.

Bana manhaja za ta yi.
Ta koya mata ladabi:
ɗauki suna ɗaya, gaishe shi,
rufe ambulan, miƙa,
ja numfashi daƙiƙa biyu
kada uwar garke ta ɗauke ki 'yar talla ta kore ki,
sannan na gaba.
Kowa ya zaci shi kaɗai aka tuna.

Ta fara gwadawa a kanta.
Ya iso: Barka, Tjaša.
Ta yi murmushi, yau ita ta gaida ita.

Ta danna.

Ɗaya bayan ɗaya suke fita,
yadda zuma ke barin amya da hantsi,
kowace da furen da ta nufa.
Bakwai suka dawo, sun tarar da kango.
Wani akwati ya ce ya cika maƙil.
Wani ya ce maigidan na hutu, a tari gaba.

Gari na wayewa amsa ta shigo,
ba ta inji ba, ta mutum, har da tuntuɓen haruffa:

"Alojz ya rasu tun bazara.
Ni ce Zdenka, ni ke buɗe akwatinsa.
Amyoyin suna nan, goma sha ɗaya, biyu sun watse.
Don Allah kada ki cire shi.
An daɗe ba a ce masa barka ba."

Tjaša ta buɗe jerin sunaye.
Layi na ɗari biyu da tamanin da takwas.
Ƙa'idar aiki ta ce a goge.

Ta tashi ta ɗora wani ruwan shayi.
A waje motar share ƙanƙara na wucewa.
Da ta dawo, ƙasa da layin
ta ƙara wani: Zdenka.
Ɗari huɗu da sha uku.