Kundin da Gara ta Ci

Babanmu Nagoma, mai gyaran rediyo a Yalwa ta Garwa,
bai bar mana gona ba, bai bar ko akuya ba,
sai kwalin wayoyi, da ƙarfen narka dalma,
da wani kundi mai bangon fata a ƙasan akwati.

Shekara arba'in yana tsintar maganar manya.
In ya gama gyara, ba ya miƙa rediyo nan take,
sai ya murɗa ta tukuna, ya kara kunne,
ya ce da mai ita, dakata, gwaji nake.
Ba gwaji ba ne, farauta ce.
Da wani shugaba ya ɗaga murya daga birni mai nisa,
ko janar, ko ɗan dambe mai cika baki,
ko wanda aka ɗaure saboda harshensa,
sai Baba ya lashi bakin fensir,
ya ajiye ta da ajami,
magana a dama, sunan mai ita a hagu.

Damina uku bayan rasuwarsa
akwatin na jingine da bango.
Shekarar da Binuwai ta cika har ta leƙo gidaje,
gara ta samu hanya.
Ta hagu ta shiga.
Ba ta taɓa magana ba, ko wasali ɗaya,
sunayen ta bi, ta cinye su sarai,
masu lambar girma da masu rawani,
masu jiniya, masu hoto a jikin kuɗi.

Na zauna a zaure da la'asar ina buɗawa,
ga zantuka tsirara, babu uba.
"Tuta ba ta rufe wanda ba shi da riga."
Wa ya faɗa?
Wanda ya buɗe kurkuku, ko wanda ya cika ta?
"Ƙasar da ta ci bashi don biki,
jikokinta ke wanke tukwane."
Wannan kam ta tsaya da ƙafarta.
"Gobe tamu ce." Sau bakwai na ƙirga ta,
baki bakwai, shekaru daban,
har yau goben tana hanya, kamar jirgin auduga
da ruwa ya janye ya bari a kan yashi.

Wasu da na karanta sai na ji kunya.
Ashe suna ne ke riƙe da su kamar sanda,
da aka zare, suka zube,
ganga ce kawai, ciki wofi.

Can kusa da ƙarshe, da rubutu ƙanana:
"Mai ƙoshi ne ke cewa a yi haƙuri."
Na tsaya.
Wannan ba ta rediyo ba ce.
Na san hayaƙin da ta fito ciki,
bakin gada, kaskon suyar kifi,
ranar da mai karɓar haraji ya zo sau biyu.
Na duba hagu, inda gara ta gaji,
harafi ɗaya ya tsira,
angai, da ɗigonsa a ka.

Gwamma.

Ya sa ta tsakanin shugaba da janar,
layi ɗaya, fensir ɗaya,
bai taɓa gaya mata ba.

Na kai mata kundin har ɗaki.
Idonta ya yi rauni, ni na karanta.
Ta yi shiru, tana murza carbi,
har na zaci barci ya ɗauke ta.
Sai ta ce, "Ni na faɗi haka?
To, ban yi ƙarya ba.
Shi kuwa mutumin nan, da ya tambaye ni,
ai da na ba shi waɗanda suka fi ta.
Tashi ka rage wutar can,
miyar za ta kama."