Agogo Huɗu a Bangon Kicin

A Toledo, layin da motar shara ke bi ran Talata,
akwai kicin mai agogo huɗu a bango.
Uku sun tsaya, ɗaya na tafiya.
Ni Odessa Pruitt na rataye su,
kuma ba na son a taɓa mini.

Lamont na da shekara sha huɗu
ya fi ƙofar ɗakinsa tsawo.
Ubansa ya kafa masa kwando a goshin gareji,
ƙusa ɗaya ta zame, ya karkace ta hagu.
Shi ya sa har gobe in zai jefa ƙwallo
sai kafaɗarsa ta ɗan rusuna
kamar mai gaida surukai.

Kwaleji ta ɗauke shi, ba mu biya ko sisi ba,
can wani gari da masara ta yi wa ƙawanya,
awa biyar a mota in ƙanƙara ba ta zuba ba.
Shekara huɗu ina soya kaza in ƙunshe a takarda,
in hau can ƙololuwa inda tikiti ke da sauƙi,
in hango ɗana ɗan mitsitsi kamar cinnaka,
shi da sai ya sunkuya yake shiga gidana.
A shekara ta uku gwiwa ta ce ƙas.
Daga sama na ji ta.
Ko kuwa ƙirjina ne ya yi ƙarar, oho.

Daren kiran sunaye falo ya cika maƙil,
maƙwabta, fasto, har da mai yi masa aski.
Suna sittin aka kira.
Kaza ta huce a faranti.
Baƙi suka riƙa sulalewa ba sallama.
Shi kuwa ya miƙe ya wanke kwanuka kaf,
har waɗanda ba a ci komai a ciki ba.

Bayan sati uku dillali ya bugo waya.
Finland, in ji shi.
Na ce, a ina take? Washegari na sayo agogo.

Can rana sai ta ga dama take leƙowa.
Ya ce, Mama, kifi da baƙin burodi, kullum.
Ina kallonsa a waya lokacin hutun cin abinci,
a ɗakin wankin asibiti, injina na ruri,
mai sharhi na kiran sunansa da wani irin lanƙwasa
har sai da na fara son sunan haka.

Turkiyya sun ɗaga shi a kafaɗa ran Asabar,
suka hana shi albashin wata uku.
Ajantina, awa sha huɗu a bas,
ƙafafunsa a miƙe a hanyar wucewa,
daga can ya ji rasuwar ubansa,
ya iso an riga an rufe ƙasa.
Agogon nan ni na cire masa batir da hannuna.
Sauran biyun don kansu suka gaji.

Yanzu Japan. Shekararsa talatin da huɗu.
Ƙarfe biyar na asuba nake tashi,
in dafa gahawa, in jingina waya da kwalbar sukari.
Nasa yau ya kusa ƙarewa,
nawa bai ma sa takalmi ba.

A coci wata ta ce, ayya, bai dai kai ba.
Na ce, kai wa ina?
Fasfo biyu ya cika da tambari,
da guminsa aka sake rufin gidan nan,
ya iya cewa na gode da harshe huɗu,
ke da nawa kika iya?

Jiya ya ce, Mama, gwiwa ta fara yi mini magana.
Wataƙila bana ce ta ƙarshe.
Na ce to.

Yaron maƙwabta ya zo da tsani da guduma
wai zai miƙe mini kwandon gareji.
Na ce sauko, ɗan nan, bar shi yadda yake.
Mai shi na hanya.