Jadawali na Huɗu

Daga Samaru na hau bas,
takardun tambaya ɗari biyu a jakata.
Dokta ya ce, je ki auno mana
nawa ake zubawa, nawa ke tsirowa.
Kamar gona. Haka ya faɗa yana goge tabarau.

A Tudun Jukun, hedimasta Malam Tanimu
ya ba ni kujerarsa, shi ya tsaya.
Ya buɗe rajista mai jan bango:
benci tamanin, in ji takarda.
Muka zaga muka ƙirga, ni da shi.
Goma sha tara. Uku na ɗingishi,
ɗaya an tokare shi da bulo.
Na ce, sauran fa?
Ya ce, suna cikin fayil a ofis,
can suna zaune lafiya, ba gara, ba yoyo.

Tambaya ta bakwai: ɗalibai nawa ne a ajinki?
Akwatin da na zana lamba biyu yake ci.
Malama Uwani ta dubi akwatin, ta dube ni,
ta rubuta ɗari da goma sha huɗu.
Huɗun ta faɗo waje,
ta maƙale a gefen takarda
kamar yaran nan na bakin taga
masu karatu da rabin jiki a rana.

Na tambaye ta sabon tsari.
Ta ce, wanne ciki?
Tsari da mota yake zuwa, da mota yake komawa,
a ba mu lemo, a ɗauke mu hoto.
Alli kuwa, ta taɓa bakin zanenta,
daga nan yake fitowa.

Ranar da na raba gwajin karatu hadari ya haɗo ta Kufena.
Rufin nan sau biyu aka gyara shi a rubuce,
amma ruwan sama bai iya karatu ba.
Sallau ya tuɓe riga ya lulluɓe takardarsa.
Ladidi ta ci tara cikin goma,
ta goma ɗigo ya wanke ta, saura shuɗin tabo.
Na riƙe biro na rasa ta yi:
kwamfuta sifili ta sani, ko ɗaya,
ba ta da gurbin yoyo.

Washegari na ƙetare layin dogo.
Wata makaranta a Sabon Gari, mai fenti,
yara ashirin da biyu, fanka na juyawa,
kowa da littafinsa, har da bango.
Tsakaninsu kuɗin Keke Napep ne kawai.

Dare ya raba, ina ɗakin kwana, janareto na tari,
allon kwamfuta ya ce akwai alaƙa mai ƙarfi
tsakanin kuɗi da sakamako.
Na yi dariya ni kaɗai.
Wata goma sha takwas na yi
kafin in iso inda kakata a Limancin Kona
ta daɗe tana zaune:
iya kuɗinka, iya shagalinka.

Sai ɗigo guda da ya ƙi bin layi,
ya haye sama, ba kuɗi a ƙarƙashinsa.
Dokta ya sa jan biro: cire wannan, yana ɓata zane.
Na san ɗigon.
Yana da tari, yana da goyo,
yana zama bayan an tashi har la'asar
yana bi da yatsa, baƙi bayan baƙi,
ba wanda ya taɓa biyan sa awannin nan.
Ban cire ba.
Ban kuma so wani ya ɗaga shi a taro
ya ce, kun gani, ko ba kuɗi ana iyawa.

An ɗinke kundin da baƙin bango.
Uku na jami'a, za su kwanta a kanta.
Na huɗun na kai wa Malam Tanimu.
Ya auna nauyinsa a tafin hannu,
ya lashi yatsa, ya tsallake godiya da gabatarwa,
ya tsaya a jadawali na huɗu.
Ya ce, nan akwai gyara, Malama.
Uban Sallau kafinta ne,
ya zo ran Asabar da ƙusoshinsa.
Rubuta ashirin.