Bakin Longonot

Shekara goma sha ɗaya ina yankan wardi a Naivasha,
ina hangen dutsen nan ta yagewar ledar rumfa,
tukunya ce da bakinta ya gutsure.
Ban taɓa tambayar me aka dafa a ciki ba.
Mai almakashi ba ta ɗaga kai.

Ran hutuna Wangeci ta ce, "Mama, yau sai sama."
A ƙofar gandu na ƙirga kuɗin garin masarar kwana uku,
na miƙa, hannuna bai so ba.
Lemayian mai gadin daji ya dubi takalmina na roba,
ya sara mini sanda, bai ce komai ba.

Jakunan dawa na kiwo a gindin dutse,
ko kunne ba su kaɗa mana ba.
Raƙumin dawa ya leƙo ta saman farar ƙaya
kamar shugaban aiki mai duba wa ya makara.

Daga nan sai toka.
Taku uku gaba, ɗaya ya zame baya,
ta shiga haƙori, ta shiga tsagar diddige.
Gwiwata ta hagu ta fara ƙara
irin ta ƙyauren ɗakin hayarmu.
Na zauna sau huɗu. A na biyar na yi ƙarya,
na ce tsakuwa ce ta shiga takalmi.
Wangeci ta gane. Ta ɓare lemo ta ba ni rabi babba.

Na ce wa Lemayian, "Ya mutu dai, ko?"
Ya ce, "Barci yake.
Kakan kakana ya bar labarin ja a sararin dare."

Da rana ta take tsaka ƙasa ta ƙare mana.
Na yi zaton baƙin rami zan gani, da ƙauri.
Ashe kurmi ne a ciki, kore shar,
bishiyoyi cunkus inda wuta ta yi gado,
tsattsewa na shawagi ƙasa da ƙafafuna.
Ban taɓa ganin bayan tsuntsu yana tashi ba sai yau.

Can a jikin bango wani tsagi na fitar da tururi,
siriri, a hankali,
numfashin wanda bai gama magana ba.
Na tuna uwata. Shekara talatin ba ta ɗaga murya ba,
amma in ka riƙe hannunta, da zafi.

Na juya baya. Ga tafki, kamar faranti.
Ga rumfunanmu jere, fari fat,
ƙanana har na rufe su duka da babban yatsa,
har da ofishin da ake yanke mana albashi.
Na daɗe ban sauke yatsan ba.

Wangeci ta ce mu zagaya bakin gaba ɗaya.
Na ce gwiwa ta yi rantsuwa, a bar wa baɗi.

Gobe ƙarfe shida ina bakin aiki.
Tokar da ke cikin takalmina
ban kakkaɓe ta ba.