Mai Almakashi a Baki

Ranar Talata, bayan ruwan asuba,
na shiga gonar wakenmu ta yamma da Harbo,
na tarar an taɓa ganye.
Ba cin fara ba ne mai yage-yage,
ba na tsutsa ba mai barin kashi.
Wannan yanka ne, zagaye kamar kwabo,
gefensa sumul, sai ka ce an auna kafin yankewa.

Na koma gida na goyo tankin feshi.
A burtali na ci karo da Baffa Cindo,
ya sauko daga duba amyoyinsa,
rigarsa na warin hayaƙi.
Ya ce, "Talle, wa za ka kashe?"
Na ce ban san shi ba tukuna.
Ya ce, "To sauke. Hukunci ba ya riga ganewa."

Muka tsuguna a kwarin kunya
har ƙafata ta mutu.
Sai ga ta, ba guɗa, ba rakiya.
Ta hau gefen ganye kamar mai hawan jaki,
ta zaga sau ɗaya, ƙiris-ƙiris,
ta naɗe yankin a tsakanin ƙafafu, ta yi sama.
Da ta dawo neman ƙari
ya kifa mata kwalba, bai ko yi rawar hannu wajen rufewa.

"Ƙirga fukafukai."
Na ce biyu.
"Sake."
Ta motsa, sai ga ƙanana a ƙarƙashi: huɗu.
"To ba ƙuda ba ce.
Akwai ƙudan da ke aron rigar zuma,
amma biyu gare shi, idanu sun cinye masa fuska.
Dubi ƙahon wannan, dogo, da gwiwa wurin lanƙwasawa.

"Ƙugun fa? Na zanzaro zare ne,
rina kuwa jikinta tas, kamar ta shafa mai.
Wannan gajera ce, kakkaura,
gashi har wuya, kai ya yi wa jikin yawa."

Ya ɗaga hannunsa mai yatsa shida.
"Duk Harbo ni kaɗai ke ƙirga ƙafarta da hannu guda."
Dariya ta kusa sa kwalbar suɓucewa.

"Zuman amya a ƙafar baya yake ɗaura garin fure,
ƙulli biyu, kamar mai dawowa daga kasuwar Jahun.
Galla kuwa 'yar mitsitsiya ce, mai bin gumi da ido.
Juya kwalbar, leƙa cikin wannan."
Na leƙa. Ƙafafun wayam,
amma ƙasan cikin buroshi ne, rawaya shar,
kamar ta yi rubda-ciki a garin ɗorawa.

Na ce mene ne sunanta?
Ya daɗe yana sosa gemu.
"Kakata tela take ce mata.
Ko tana da wani, bai iso kunnena ba.
Ba ta da sarki, ba ta da runduna,
ba ta tara abin lasawa."

Ya ja ni bakin tsohon darni,
ya zaro kara guda mai rami, ya tsaga da farce.
Ga ganyen wakena a ciki,
ɗaki bisa ɗaki, kore, a naɗe kamar ƙunshin goro,
kowanne da ɗan curi da ƙwai ɗaya a kansa.
Ya haɗe karan, ya ɗaure da kaba,
ya mayar da shi yana neman gafarar buɗewa.

Na ce, ba zuma, ga ɓarna, ina ribar?
Bai amsa ba. Ya cire murfin.
Ta fita ta yi kan furen wake,
ta danna shi da nauyinta, ya buɗe baki,
ta fito da ciki ya ƙara rinuwa.

Na goyo tankin yadda na kawo shi,
maganin na kaɗawa a bayana har gida.
Inna ta ce, "Darnin da ka ce za ka rushe mana na girki fa?"
Na ce a nemi wani icen.
Wancan da baƙi a ciki, sai sun gama ƙyanƙyashewa.