Tulun Goggo Ladiyo

A Mai Wurno, bayan la'asar,
Goggo Ladiyo ta miƙo min gawayi
da guntun kwalin sukari,
ta girke tulu a gindin bango.
Ta ce, "Zana."

Na yi da'ira, na ɗora mata wuya.
Ta leƙo, ta ja tsaki:
"Wannan tulun cikin kanka ne.
Nawa yana da tabo a kafaɗa,
bakinsa a karkace tun ranar gashi.
Ido ke zane, yaro,
hannu ɗan aike ne."

Kwana tara ina kallon tulu.
Ashe inuwa ba baƙa ba ce duka,
tana da ciki, tana da gefe.
Haske kuwa baƙo ne,
ya zauna a kumatun yumɓu,
ya tashi kafin magariba.

Sannan ta kai ni gaɓar Nilu,
muka haƙo jar ƙasa, muka tace da tsumma.
Ƙaro na jiƙa a kasko,
farar ƙasa a ƙoƙo,
ta tauna tsinken dabino har ya yi gashi.
"Fara da mai haske.
Duhu in ya shiga, ba ya fita."

Yau bangon zaurenta ya tsage,
damina ta lashe zanen da ta yi.
Ita ma ta tafi.
Amma ko fuskar ɗana zan zana,
sai in ji tsakin nan a bayan kunnena,
in ajiye gawayi,
in sake dubawa.